Sanyin da Ya Daina Zuwa a Kan Lokaci: Nazarin Lamarin Wani Lambu a Tsibirin Aba

Wurin da mai lambun

Tsibirin Aba, wanda mutanen Sudan ke kira Jazira Aba, yana cikin Farin Nilu, arewa kaɗan da garuruwan Kosti da Rabak. A nan Muhammad Ahmad ya bayyana da'awar Mahadiyya a 1881, a nan kuma ɗansa Sayyid Abdurrahman ya dawo a 1908 ya kafa noma, daga baya auduga ta bunƙasa. Cikin waɗanda suka sare dajin suka yi wannan aiki akwai mutanen yamma da yawa, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda suka taso da niyyar zuwa Makka a ƙafa, zama ya kama su a hanya. Jikokinsu suna nan, wasu masunta, wasu 'yan kasuwa, wasu masu lambu.

Mai wannan lamari jikan ɗaya daga cikinsu ne. Kakansa daga ƙasar Haɗeja ya fito. Shi kansa a tsibirin aka haife shi, yanzu ya haura hamsin da biyar. Gonarsa fadan uku ce, fadan ɗaya kuwa murabba'in mita 4,200 ne. Biyu suna kan tudu, ɗaya tana gangare kusa da ruwa. Yana ban ruwa da injin da mutanen wurin ke kira babur. Tumatur ne jarinsa, sai ɗan albasa da kuɓewa na gida.

Hawa da saukar ruwa a bakin gonarsa ba na damina kaɗai ba ne. Madatsar Jabal Auliya da aka gama a 1937, kudu da Khartum, ita ke tare Farin Nilu, ruwan ya koma baya har ya wuce Kosti. Ana cika ta bayan damina ta kama, a riƙa sakin ruwan daga wajen Fabrairu. Wannan zai dawo cikin labarin can gaba.

Shekarar manomi a wannan yanki kashi uku ce. Akwai sef, wato bazara, daga Maris zuwa Yuni, inda zafin rana a Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Akwai harif, damina, daga Yuli zuwa wajen Oktoba. Sai shita, lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare a Janairu kan sauko wajen digiri 16 ko 17. Oktoba wata ne mai ruɗi: ruwa ya ɗauke, gajimare ya tafi, zafi ya dawo kamar bazara ta biyu kafin iskar arewa ta iso.

Ubansa ya bar masa ƙa'ida ta taurari, irin lissafin da manoman Sudan ke yi na kwana goma sha uku-uku. Idan tauraruwar Sarfa ta shiga, wajen tsakiyar Satumba, a zuba iri a bedi. Idan Simak ta shiga, wajen mako na biyu na Oktoba, a dasa. Tumatur zai yi fure a Nuwamba, a fara tsinka a Disamba. Hikimar ita ce kasuwa. Daga damina zuwa farkon sanyi tumatur tsada yake yi a Kosti da Khartum, a Janairu da Fabrairu kuwa kowa ya kawo, garwa ta faɗi warwas. Wanda ya riga shiga kasuwa da mako uku shi ya ci ribar shekara.

2010: alamar farko

A kakar da aka dasa a Oktoban 2010 shuka ta kama, ta yi ganye, ta yi fure a kan lokaci. Sai furen ya riƙa yin rawaya a wuya yana zubewa. Wanda bai zube ba ya ba da 'ya'ya ƙanana, wasu ba ƙwaya a ciki. Sahun fure na farko da na biyu kusan duk suka tafi a banza. Na uku, wanda ya buɗe a Disamba, shi ya kama. Tsinkar farko ta faɗa cikin Janairu, daidai lokacin da kasuwa ta cika.

Maƙwabtansa ma haka suka gani, kowa ya ce shekara ce. Shekarar kuwa ta yi zafi na gaske. A Yunin 2010 an auna digiri 49.7 a Dongola da ke arewacin ƙasar, kuma a lissafin duniya 2010 tana cikin mafi zafi da aka taɓa rubutawa zuwa lokacin. Mai lambun bai san waɗannan alƙaluma ba. Abin da ya sani shi ne har ƙarshen Nuwamba yana kwana a tsakar gida a kan angarib, wato gadon igiya, ba mayafi.

Kakar da ta biyo ta ɗan yi dama, aka manta.

2011 zuwa 2015: iri, feshi, taki, ruwa

Matsalar ba ta tafi ba, kuma ba ta zauna ba. Shekara ta zo da kyau, ta gaba furen Nuwamba ya zube, wata kuma rabi da rabi. Saboda haka duk abin da ya gwada yakan yi kamar ya yi aiki sau ɗaya, sannan ya ba shi kunya.

Da iri ya fara. Ya zargi na gwangwani da yake saya a kasuwar Kosti, ya ce ya kwana biyu a shago. Ya canja daga wanda ya saba zuwa wani, cikin irin da manoman Sudan suka sani kamar Peto 86 da Strain B. Shuka ta tsiro lafiya, abin da ke nuna cewa irin ba matacce ba ne, amma furen farko ya zube a shekarar da zai zube.

Sai ya koma kan ƙwari, a nan ne kuɗi suka fi tafiya. Ƙwari kuwa akwai su, ba ƙarya. Farin ƙuda ya daɗe yana addabar tumatur a Sudan, shi ke ɗauko cutar da ke ƙudundune ganye ta mai da shi rawaya, shukar ta tsugune. A waɗannan shekaru kuma ga sabuwar baƙuwa, tsutsar Tuta absoluta, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shiga Sifen a 2006 ta bazu har ta iso Sudan, daga baya ta yi wa manoman Kano da Katsina ɓarnar da ba su manta ba. Tana shiga cikin ganye ta ci, ta huda 'ya'ya. Ganin tsutsa da ido ya sa ya gamsu cewa ya gano ɓarawon. Ya ƙara feshi daga sau ɗaya a mako zuwa sau biyu, yana haɗa magani biyu ko uku yadda mai shago ya gaya masa. Tsutsar ta ragu ta dawo, don tana saurin sabawa da magani. Furen kuwa ko a layin da ba tsutsa ko ɗaya zubewa yake yi. Ya lura da wannan, amma bai san inda zai ajiye shi ba.

Na uku taki. Wani ya ce masa ƙasa ce ta gaji, sai ya ninka yuriya. Gonar ta yi kore shar, masu wucewa suna yaba masa, amma yawan yuriya ganye yake ƙarawa, ba 'ya'ya ba, kuma ganye mai taushi shi farin ƙuda ke so.

Na huɗu ruwa. Ya riƙa tada babur da tsakar rana idan ya ga shuka ta langwaɓe. Wannan ya zo daidai da lokacin da mai ya fara tsada. Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, a Satumban 2013 gwamnati ta rage tallafin mai. Kuɗin dizal ya hau, wasu layuka suka yi ruɓar saiwa saboda ruwa ya kwanta, furen Nuwamba bai fasa zubewa ba.

Zuwa ƙarshen 2015 ya ci bashin dillali kaka biyu a jere, ya sayar da shanunsa biyu, ya fara maganar ba da fadan ɗaya haya.

2016: ma'aunin zafi a ƙarƙashin rakuba

Ɗan ƙanensa yana karatun aikin gona a Wad Madani. Da ya zo hutu ya zagaya gonar, ya ɗebi furen da ya zube a tafin hannu.

"Baffa, da dare kana jin sanyi yanzu?"

"Wane sanyi, ɗana? Ko jiya sai da na tashi na watsa ruwa."

"To ina ganin shukar ma haka take ji."

Ya yi masa bayanin abin da littafi ya ce. Tumatur ya fi kama 'ya'ya idan dare yana tsakanin digiri 15 da 20. Idan dare ya tsaya sama da 21 ko 22, rana kuma ta wuce 32 zuwa 35, garin furen yakan lalace tun kafin furen ya buɗe, wanda ya rayu kuma ba ya samun kamawa. Sai shukar ta yar da furen. Jikinta lafiya lau, haihuwar ce ba ta yiwuwa. Haka kuma da dare mai zafi shuka tana ƙone abincin da ta tara da rana, ba ta bar wa 'ya'ya isasshe ba.

Dattijon bai yarda nan take ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce: "Ai zafi ba yau aka fara shi a ƙasar nan ba. Kakanka da wannan lissafi ya yi noma har ya rasu." Yaron bai ja da shi ba. Ya kawo ma'aunin zafi mai nuna mafi sama da mafi ƙasa, ya rataye a inuwar rakuba, wato rumfa, daidai tsayin ƙirji, ya ba ƙanwarsa 'yar makarantar sakandare littafin rubutu. Kullum bayan sallar asuba ta rubuta lambobi biyu ta mayar da ma'aunin. Suka kuma zaɓi shuka ashirin, duk sahun furen da ya buɗe a ɗaura masa zare, kowane mako da launinsa.

Abin da littafin ya nuna a wannan kaka bai da wuyar karantawa. A makonnin farko na Nuwamba dare bai sauka ƙasa da 22 ba sai jefi-jefi, kuma zaren waɗannan makonni yawancinsu a kan sandar da ba 'ya'ya aka same su. Daga lokacin da iskar arewa ta zauna, dare ya koma ƙasa da 20, kusan duk zaren da aka ɗaura ya riƙe 'ya'ya. Iri ɗaya, taki ɗaya, feshi ɗaya. Sun kuma ga cewa fadan ta gangare ta fi ta tudu ɗumi da dare, don faffaɗan ruwa yana riƙe zafin rana ya sake shi a hankali, ga laima. Da rana kuwa ita ta fi sanyi.

2017 zuwa 2018: jinkirin da ya ba da amfani ya hana kuɗi

Maganin da ya fara zuwa zuciya shi ne a ja lokaci. Ya jinkirta komai da mako huɗu: iri a tsakiyar Oktoba, dashe a Nuwamba, fure a Disamba. Duk fadan ukun.

Tumatur ya yi 'ya'ya irin waɗanda ya daɗe bai gani ba. Sai dai duk ya nuna a ƙarshen Janairu da Fabrairu. Akwai ranar da kuɗin garwa bai biya ɗan tsinka da motar Kosti ba, ya bar jajaye a gona awaki suka ci. Kafin farashi ya farfaɗo kuma Maris ya shigo da zafinsa, furen ƙarshe ya zube, 'ya'yan da ke kai rana ta ƙone musu gefe. Tsohon lissafi yana ba shi tsinka ta wata uku ko fiye, wannan ya ba shi wata biyu da kyar. A buhu ya ci, a aljihu ya faɗi.

2018 zuwa 2022: abin da ya tsaya

Tsarin da ya zauna a kai bai zo rana ɗaya ba, kuma ba mutum ɗaya ya kawo shi ba.

Ya raba gonar. Rabin fadan a tudu ya bar wa dashen wuri, na neman tsada, da sanin cewa caca ce. Fadan ɗaya da rabi ya ba dashen Nuwamba, kashi biyu, mako biyu tsakaninsu, don kada su nuna tare. Ta gangare, mai ɗumin dare, ya fitar da ita daga tumatur gaba ɗaya ya ba albasa, wadda kanta ake nema ba furenta ba, kuma tana ajiyuwa.

A rabin fadan na wuri ya yi abubuwa uku. Bedin ya rufe shi da tsofaffin gidan sauro a kan baka na sanda, farin ƙuda bai taɓa dashen ba sai da ya yi ƙwari, cutar ƙudundunewa ta ragu sosai, feshi ya koma kusan rabin na da. Tsakanin layuka, ta yamma, ya shuka masara mako uku kafin dashe, ta tare ranar la'asar. Ƙasa kuma ya lulluɓe ta da ciyawa da karan dawa. Ban ruwa ya koma na yamma lis da na asuba, kaɗan-kaɗan akai-akai, maimakon ambaliyar tsakar rana. Yuriya ya koma yadda take da, ya ƙara takin dabbobi. Wannan bai hana furen farko zubewa a shekara mai zafi ba, amma ya rage, a shekara mai dama kuwa wannan ɗan rabin fadan kan kawo kuɗin da ya kusa na sauran gonar.

Abin da ya toshe ramin Fabrairu daga cikin gida ya fito. Maiɗakinsa ta ce masa, "Malam, wanda awaki ke ci ɗin nan, a kawo mini." Ita da 'ya'yanta da matan maƙwabta suka riƙa yanka tumatur suna shanyawa a kan tabarma a bisa gado, nesa da ƙasa. Iskar shita busasshiya ce, kwana kaɗan ya zama kauɗa. Kauɗar tumatur abinci ce da kowane gidan Sudan ya sani, da ita ake miya idan ɗanye ya yi tsada. Suka zuba a buhu suka ajiye har damina. Kuɗin kauɗa ne ya biya bashin dillali, kuma kuɗin a hannunta yake zama, abin da ya sa irin kaka mai zuwa bai ƙara zama na bashi ba.

A 2020 ruwa ya yi yawa. Tafkin Biktoriya, inda Farin Nilu ke tasowa, ya kai matsayin da ba a taɓa rubutawa ba a watan Mayu, a Satumba kuma ambaliya ta sa aka ayyana dokar ta-ɓaci a Sudan. Gangaren ya daɗe a jiƙe, albasa ta makara. A Yunin 2021 aka cire tallafin fetur da dizal gaba ɗaya. Shi da maƙwabta uku suka haɗa kuɗi suka sayi famfo mai aiki da hasken rana a 2022. Famfon da rana yake aiki, shi kuwa ban ruwan yamma yake so, sai suka haƙa ɗan tafki a tudu, a cika da rana a saki da yamma.

2023 zuwa 2025: yaƙi da ambaliya

Yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023. Hanyar Khartum ta rufe, kasuwar da ake yi wa dashen wuri ta ɓace. Kosti da Rabak da tsibirin kansa suka cika da 'yan gudun hijira, masu buƙata da yawa, masu kuɗi kaɗan. A Disamban 2023 Wad Madani ma ta faɗi, iri da magani suka yi wuya. Albasa da kauɗa, waɗanda ba sa ruɓewa a shingen hanya, su suka riƙe gidan. Famfon rana bai nemi dizal ba.

A Disamban 2024 Farin Nilu ya hau ya shiga unguwannin Aba, a tsakiyar rani, ba ko ɗigon ruwan sama. Madatsar Jabal Auliya tana cikin fagen yaƙi tun Nuwamban 2023, ba a sarrafa ƙofofinta yadda aka saba, ga ruwa mai yawa yana gangarowa daga kudu. Gidaje suka rushe, kwalara ta biyo baya. Albasar gangare ta nutse duka. Tumatur na tudu ya tsira, aka tsinka, aka shanya. A kakar 2025 ya koma kan tsarinsa, sai dai dashen wuri ya rage shi zuwa rubu'in fadan.

Hukunci

Littafin yarinyar ya tabbatar da abu ɗaya: a wannan gona, zafin dare ne ke zubar da furen Nuwamba. Bai tabbatar da cewa tsibirin Aba yana ƙara zafi ba. Rubutun 'yan shekaru a ƙarƙashin rakuba ba ya iya wannan, musamman da yake an fara shi a 2016, shekarar da ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ake kira El Nino ta ɗaga zafin duniya. Masana yanayi da tsawon shekara talatin suke auna abin da ya zama al'adar wuri, ma'aunin da ake aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020.

Shaidar dogon zango daga wani wuri take zuwa, kuma tana da nauyi. Tun a 2000 Nadir Elagib da Mansell suka wallafa nazarin bayanan tasoshin yanayi na Sudan na shekaru sama da hamsin, suka sami ƙaruwar zafi a tasoshi da dama. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce shekarun 2011 zuwa 2020 sun fi na 1850 zuwa 1900 zafi da kusan digiri 1.1, tudu ya fi teku ɗumama, kuma a Afirka ranaku da darare masu zafi sun ƙaru, masu sanyi sun ragu. Hukumar yanayi ta duniya ta sa 2024 a matsayin mafi zafi a tarihin rubutu, kusan digiri 1.55 sama da wancan ma'auni. Digiri ɗaya ba ya jin komai a fatar mutumin da ya saba da 42. Amma lissafin Sarfa da Simak tun asali a bakin gaɓa aka gina shi, don fure ya buɗe daidai ranar da sanyi ke isowa. Abin da ke bakin gaɓa, taku ɗaya ya ishe shi faɗawa. Taurarin suna fitowa a ranakunsu, daren da ke ƙarƙashinsu ne ya canja, kuma ba kowace shekara ba, abin da ya sa ya yi shekara biyar yana neman laifin a wurin iri da ƙwari da ƙasa.

A ganina kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne feshi, don ya yi daidai da abin da ido ke gani, kuma mai shago ba shi da dalilin cewa a daina. Jinkirin 2017 kuskure ne na daban: ya gyara lissafin shuka ya manta na kasuwa. Abin da ya yi aiki bai rage zafin ko kaɗan ba. Ya dai rage yawan gonar da ke dogara da makonni ukun da ba su da tabbas, ya ba kowane yanki abin da zai iya ɗauka, ya mai da arahar Fabrairu kayan ajiya. Cikin duk wannan, gidan sauro da zare da littafi da tabarmar shanya sun fi famfon rana araha nesa ba kusa ba, kuma su suka fara fitar da shi daga bashi.

Ambaliyar 2024 kuwa ba daidai ba ne a jibga ta duka a kan sauyin yanayi. Yawan ruwan kudu yana da nasa kaso, amma ƙofofin madatsa hannun mutane ne.

Tsarin yana da iyaka. Inuwar masara tana rage zafin la'asar, ba ta taɓa na dare. Idan daren Nuwamba ya ƙara hawa, dashen wuri zai daina biyan kansa ko da rubu'in fadan, Maris kuma yana matsowa ta ɗaya gefen. Abin da zai buƙata a lokacin shi ne irin tumatur mai kama 'ya'ya cikin zafi, kamar yadda masu binciken Wad Madani suka fitar wa manoman alkama da irin Imam. Wannan aikin tashar bincike ne, tashoshin kuwa yaƙi ya taɓa su, kuma manomi mai fadan uku ba zai iya yin sa a gonarsa ba.